Gadarif: Yadda Makiyaya Da 'Yan Kara Suka Koma Ga Bagaruwa Da Aduwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar dabbobi a Gadarif, ko ta Doka, ko kuma ya gangara har Galabat inda gada ɗaya ta raba mu da Matamma ta ƙasar Habasha, ya san da zaman wasu mutane waɗanda ko ɗan akuya ba sa sayarwa, amma kasuwa ba ta cika sai da su. A gefe ake samun su sun shimfiɗa buhu, ga tulin bagaruwa, ga aduwa, ga ɓawon maɗaci an ɗaure shi ƙulli-ƙulli, ga dunƙulen kanwa, sannan ga kwalabe cike da wani baƙin ruwa mai kauri wanda warinsa kan riga mai shi isowa, wato abin da Larabawan nan ke kira gutran. A 'yan shekarun baya samarin 'yan kara wuce su suke yi suna murmushi, kowa da sirinji a aljihun jallabiya. Daga ranar 15 ga Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, murmushin ya ragu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin kamfanonin da ke shigo da maganin dabbobi a Khartum suke da ɗakunan ajiyarsu, kuma babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Soba, inda ake haɗa alluran rigakafin da ake rabawa jihohi, shi ma a bakin Khartum yake, yaƙin kuwa ya tsayar da aikinsa. Fam ɗin Sudan ya faɗi, abin da ya rage a kanti ya yi tsada. Da Wad Madani ta faɗi a Disamban 2023, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, sai jama'a suka yi ta kwararowa Gadarif, wasu da awakinsu da jakunansu, dabbobin da ba su taɓa shan ruwa a kwami ɗaya ba suka gauraya. Ko bayan da sojoji suka sake karɓe Wad Madani da Khartum a farkon 2025, masu shimfiɗa buhun nan ba su rasa ciniki ba.

A shirinmu na manoma da makiyaya a gidan rediyo, tambayar da ta fi kowace yawan dawowa ita ce: shin maganin nan na gargajiya yana yi, ko kuwa ɓata lokaci ne? Mun zauna da dattawan makiyaya, mun zauna da likitocin dabbobi, mun kuma yi asarar tamu ta kanmu wadda za mu zo kanta. Abin da muka fahimta shi ne amsar tana ga irin cutar, kuma ɗan kasuwar da bai iya rabe cutar da bagaruwa ke ji da wadda ba ta ji ba, jarinsa na cikin haɗari ko da wane irin magani ya riƙe.

Itace ɗaya, suna biyu

Kakanninmu ba hannu rabbana suka zo ƙasar nan ba. Wasu hanyar Makka ce ta kawo su suka yada zango, wasu kuwa sun biyo ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙaraso da jama'a suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a 1906. Daga baya aka bazu zuwa bakin Rahad da Atbara da Sitit da cikin Gadarif. Da suka duba daji sai suka ga itatuwan gida ne, suna kawai ya canja. Bagaruwa ita ce sunut, 'ya'yanta kuma garad. Aduwa hijlij ce, 'ya'yanta lalob. Sabara gubbesh, marke sahab, filasko sanamaka, tumfafiya ushar, kanwa kuwa atrun, wadda ma akwai wurin haƙarta mai wannan suna can cikin hamadar arewacin Darfur. Mun kawo waɗannan sunaye ne don amfanin baƙon ɗan kasuwa, domin mun sha ganin mutum yana yawon neman bagaruwa alhali yana tsaye a gaban buhun garad.

Su ma sun tarar da masu nasu sanin. Shukuriyya da Lahawiyyin da Rashayda sun fi mu sanin raƙumi nesa ba kusa ba, Fulani kuwa ba a gaya musu saniya. Abin da ake kira maganin gargajiya a Gadarif gauraye ne na duk waɗannan, kuma ba abu ne da ya tsaya wuri ɗaya ba. Dogon yaro, wanda ake tafasa ganyensa a wanke dabba saboda kaska da ƙuma, a farkon ƙarni na 20 aka kawo shi daga Indiya. Kakan kakanmu bai taɓa ganinsa ba.

Bagaruwa

Idan akwai sarauniya a kan buhun nan, to bagaruwa ce. Ana daka busassun 'ya'yanta a jiƙa a ɗura wa ɗan maraƙi ko tunkiya mai zawo, ana barbaɗa garinta a kan gyambo, ana wanke bakin saniya da kofatonta da ruwanta idan boru ya kama ta, cutar da Larabawa ke kira abu lisan. Kuma tana aiki, ba don wani asiri ba. Abin nan mai baurin da ke sa majema jiƙa fata a cikinta har fatar ta ƙi ruɓewa, shi ne dai ke tsuke hanji ya rage zubar ruwa, shi ke busar da miki ya hana ƙuda sakewa a kai. Likitocin da muka tattauna da su ba su musa wannan ba, har ma sun ce irin wannan bauri na rage wa tsutsar ciki ƙarfi, ko da yake ba ya share ta.

Sai dai a nan ne mutanenmu ke yin kuskure iri biyu. Na farko, awo. Kowa da nasa: wannan ya ce cikin tafin hannu, wancan ya ce cikin moɗa, kuma abin da za a ba bijimi shi ake ɗura wa ɗan akuya. Bagaruwa idan ta yi yawa tana ɗaure ciki, dabba ta daina tuƙa, ta ƙi ci, idan aka daɗe ana yi kuma ta taɓa hanta da ƙoda. Na biyu, ana manta cewa abin da ke kashe ɗan maraƙi mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Wanda ya tsayar da zawo bai mayar da ruwan da ya zube ba, rabin aiki ya yi. Ruwan gishiri da sukari da ake dama wa yara a asibiti, irinsa ɗan maraƙi ke buƙata, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tare da nonon uwarsa.

Game da boru kuwa, a sani cewa bagaruwa jinyar mikin take yi domin saniya ta samu ta ci ta sha kafin cutar ta wuce da kanta. Ba ta hana ta kama ta kusa da ita.

Aduwa tana da nata tarihin da ya kamata mu yi alfahari da shi. Tun a 1933 wani likitan Ingila da ke aiki a ɗakin bincike na Wellcome a Khartum, mai suna Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa idan aka jiƙa su a ruwa suna kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Makiyayi zai ce ina ruwana, amma ciwon hantar da ke rame shanu da tumakin da ke kiwo a fadamu da bakin kogi shi ma ta jikin wani dodon koɗi yake bi. A shekarar 2000 kuma masu binciken tsirran magani a Khartum sun gwada naman aduwa a kan awakin da ke da tsutsar hanta, suka kwatanta da maganin kanti na albendazole, aduwa ba ta ji kunya ba. Abin lura shi ne su sun auna nauyin akuya sun auna na magani, mu kuwa da ido muke yi.

Man riɗi da gyauro

Gadarif ƙasar dawa da riɗi ce tun da aka fara noman tarakta a wajen Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, kuma wannan ya ba mu magani guda ya kuma ba mu cuta guda. Maganin shi ne man riɗi, musamman na assara, wanda raƙumi ke juya turminsa. Idan dabba ta ci ɗanyar ciyawar farkon damina ko ta faɗa wa hatsi cikinta ya kumbura ta hagu kamar ganga, ɗura mata man riɗi na fasa kumfar da ta toshe iskar, ta yi gyatsa ta samu sauƙi. Likitan dabbobi ma idan ba shi da komai a jakarsa abin da zai ce a yi ke nan. Amma ɗuri yana da ƙa'ida. Kada a riƙe harshen dabba, kada a ɗaga kanta sama kamar mai kallon wata, a zuba ta gefen baki sannu a hankali tana haɗiya, idan ta yi tari a dakata. Man da ya kauce ya shiga huhu ya kashe tumakin da kumburin bai kashe ba.

Cutar kuwa ita ce gyauro. Bayan an girbe dawa, ko kuma idan ruwa ya ɗauke ƙaramar dawa ta yi yaushi sannan ya dawo, sabon tohon nan na tara guba mai saurin kisa. Saniya na cikin ci sai ta fara haki, jiki na rawa, ta faɗi, wani lokaci kafin makiyayi ya rugo daga wancan gefen garke ta cika. Babu saiwa ko ɓawon da zai cim ma wannan. Akwai allurar da likita ke yi a jijiya, amma ina likitan yake a tsakiyar gonar da ta kai tafiyar yini? Fataken da ke koro shanu ta gefen manyan gonaki a watannin kaka su ja kunnen yaransu: busasshen kara ba laifi, koren toho a gindin kara a kauce masa, musamman da safe dabba na jin yunwa.

Gutran

Duk wanda ya taɓa kusantar garken raƙuma a Butana ya san warin gutran. Yadda ake yin sa abin kallo ne. Ana cika tukunya da 'ya'yan kwartowa, wadda Larabawa ke kira handal, a kifa ta a kan wata tukunyar da aka binne a ƙasa, a liƙe da laka, a hura wuta a sama. Zafi ke sa baƙin man ya riƙa ɗiga ƙasa. Da shi ake yaƙar ƙazuwa, jarab a bakin Larabawa, cutar da ke sa raƙumi susa dare da rana har gashi ya zube, fata ta yi kauri kamar ɓawon itace, tozo ya narke. Masu abin sukan aske gashin, su kankare ɓamɓarokin har sai fata ta yi ja, su sassauta gutran da man riɗi sannan su shafa, kuma ba sa shafe jiki duka rana ɗaya ko a tsakar rana. Aiki ne na makonni, ana maimaitawa.

Yana kashe ƙwaron, wannan babu ja. Allurar ivermectin sau biyu, da tazarar kamar mako biyu, ta fi shi sauri da sauƙi ga wanda ya samu ta gaske. Abin da muke roƙo a daina shi ne shafa baƙin man inji da aka juye daga tarakta ko babbar mota, wanda ya zama ruwan dare ga masu jakunan karo da ke jigilar ruwa a unguwannin Gadarif. Kama da wane ba ta wane. Baƙin man inji yana ƙone fata, jakin ya lashe ya shiga cikinsa. Ga mikin da sirdi ko igiyar karo ta yi wa jaki, ruwan gishiri da garin bagaruwa da gyara shimfiɗar bayan sun wadatar, sai kuma hutun kwana biyu, wanda mun san shi ne ya fi wuya ga mai iyalin da jakin ke ciyarwa. A kuma tuna ƙazuwar raƙumi na kama hannun mai shafa ta.

Akwai wata cutar raƙumi da gutran ba ya zuwa kusa da ita, wato jufar, 'yar'uwar sammoren shanu. Bobuwa ce ke ɗaukar ta daga jini zuwa jini, shi ya sa da damina ta kankama makiyaya ke gudu daga laka da ƙudan kudu su haura Butana. Tsofaffin masu raƙuma na gane ta tun kafin rama ta bayyana, ta warin fitsari da kuma yadda gashin wutsiya ke tsigewa ba da wahala ba. A wajen ganewa sun yi zarra. A wajen magani kuwa su da kansu allura suke nema.

Tumfafiya ba abokiyar wasa ba ce

Akwai masu cewa abin da ya fito daga ƙasa idan bai yi magani ba, ba zai cutar ba. Wannan magana ta kashe dabbobi da yawa. Makarantar likitocin dabbobi ta Khartum, wadda aka kafa tun 1938, malamanta sun shafe shekarun 1970 da 1980 suna gwada tsirran da mutane ke ɗura wa dabbobi, kuma sun nuna cewa farin ruwan tumfafiya yana kashe awaki da tumaki, yana lalata zuciya da hanta. Haka ita ma kwartowa, wadda manta ke da amfani a bayan fata, idan aka ɗura namanta a ciki da sunan wankin tsutsa sai ta tsinka hanji, zawo ya ƙi tsayawa. Filasko ma wankin ciki ne mai ƙarfi, ba a ba dabba mai ciki ko wadda ta riga ta rame. Ruwan tumfafiya idan ya faɗa ido, na mutum ko na dabba, yana iya ɓata shi.

Asarar da muka yi

Gab da Babbar Sallar 2024 muna da raguna huɗu a gida da muka turke tun bayan azumi, da niyyar mu yanka ɗaya mu sayar da uku. Sai muka ga wani rago a kasuwa da araha, muka saya muka ɗaure shi tare da su a daren. Bayan kwana huɗu ko biyar sai majina, sai ƙwantsa ta rufe idanu, sai zawo. Muka ce ai zawo ne, ga bagaruwa. Muka yi ta ɗuri, zawon ya ɗan lafa, muka yi murna. Ba mu buɗe bakinsu mun duba ba sai da ɗaya ya mutu, nan muka ga dasashi duk ya yi miki yana wari. Kafin mu kawo malamin dabbobi biyu sun bi shi. Da ya zo bai ko ɗauki lokaci ba ya ce mana annobar nan ce ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, kuma laifinmu biyu ne: ba mu yi wa namu rigakafi ba, sannan mun haɗa baƙo da 'yan gida ba tare da mun ware shi mako biyu ko uku ba. Mu da muke faɗa wa jama'a wannan a rediyo.

Abin da ya ƙara ba mu kunya shi ne cutar ba baƙuwa ba ce a nan. A kudancin Gadarif aka fara ganin ta a duk faɗin Sudan, a 1971, har aka ɗauka bushiya ce kafin daga baya bincike ya tabbatar da ko mece ce. A 2004 ma ta taɓa raƙuma a gabashin ƙasar nan. Ba ta da magani, na kanti ko na daji. Tana da allurar rigakafi wadda sau ɗaya ke kare dabba shekaru, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayanta.

Ba tatsuniya ba ce a ce za a ga bayan cuta. Bushiya ta shigo Afirka ne ta Massawa, nan maƙwabtanmu, a 1887 cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta share garkunan Habasha da Sudan, cikin 'yan shekaru ta isa ƙasar Hausa ta mayar da masu dukiya matsiyata. A lokacin duk itatuwan nan suna nan, masu sanin su ma sun fi na yanzu, amma ba su tsayar da ita ba. Rigakafi ne ya gama da ita, aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Kuma kada a ɗauka rigakafi tunanin Bature ne kaɗai. Tun kafin zuwansu Fulani a yamma kan tsaga fatar hancin saniya su cusa ɗan yankin huhun wadda ciwon huhu ya kashe, don ta samu kariya. Dabarar na da haɗari, amma tunanin shi ne dai.

Akwai kuma lokacin da jinyar gida ke zama haɗari ga mai jinyar. Idan bayan ruwa mai yawa da sauro aka ga tumaki na ɓari rututu, ƙanana na mutuwa, kada a tsaya jiƙa saiwa, kada a taɓa ɓarin da hannu, kada a yanka a ci. A 2007 zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutum fiye da 200 a Sudan, mafi yawa a jihohin Jazira da Sinnar da Farin Nilu, kuma a 2019 da ya sake ɓulla Saudiyya ta rufe ƙofarta ga dabbobin Sudan, 'yan kasuwar da ba su taɓa ganin cutar ba ma suka ji a jikinsu. Haka dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta. Ciwon saifa ne ake tsoro, binnewa ake yi da zurfi a kai rahoto.

Sirinjin aljihu

Don mun faɗi iyakar bagaruwa, ba mu ce sirinjin aljihu ya fi ta ba. Abin da muke gani a kasuwannin iyaka ya fi ƙarfin a yi shiru. Kwalabe na kwana a rana a kan tebur, wasu wa'adinsu ya wuce an goge kwanan watan, wasu ba a san ta inda suka shigo ba. Teramaisin ya zama maganin komai, daga tari har karaya. Ana raba awon rago ɗaya wa uku don tsimi, tsutsa ba ta mutu ba, ta kuma koyi jure maganin. Masu bincike sun riga sun tabbatar a 2019 cewa tsutsar cikin awaki a Darfur ta Kudu ta daina jin albendazole yadda ta saba. Sannan ana yi wa saniya allura da safe a kai nononta kasuwa da yamma, alhali a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Wani likita ya tuna mana cewa rabewar da muke yi tsakanin na daji da na kanti ba ta kai yadda muke zato ba. Ita kanta ivermectin daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka samo ta a Japan, ta shiga kasuwar dabbobi a 1981, masu gano ta suka samu kyautar Nobel a 2015 tare da wata 'yar ƙasar Sin da ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani dangin tazargade. Bambancin shi ne an tace, an auna, an san nawa ke warkarwa nawa ke kisa.

Ga mai saye

Yanzu ga abin da ya shafi aljihu kai tsaye. Maganin gargajiya na da wani amfani da ba a faɗa a fili, wato ɓoye cuta na kwana ɗaya. Ana ɗura wa rago bagaruwa daren kasuwa, a wanke masa gindi, a goge hanci, a ba shi kanwa ya sha ruwa cikinsa ya cika, da safe ya fito tsaf. Ba duk dillalai ke haka ba, amma ana yi, kuma haka aka yi mana. Mai saye ya buɗe baki ya duba dasashi da leɓe, ya ja fatar ƙasan ido ya ga ko ja ce ko ta yi fari fat alamar tsutsa ta sha jini, ya shafa ƙarƙashin haɓa ko akwai kumburin ruwa, ya ɗaga wutsiya ya ga ko gashin wurin ya fi sauran jiki tsabta. A jikin raƙumi da saniya kuma ya karanta tabon lalas, domin ban da na shaidar mai shi, kowane tabo labarin wani ciwo ne da aka taɓa jinya, ga shi kuma yana rage darajar fata. Wanda zai kai kaya Sawakin don jirgin Jidda ya san sai sun bi ta wurin killacewa, an yi rigakafi an ɗebi jini, kuma tabon ƙazuwa ko na ƙyanda a kan 'yan tumaki kaɗan na iya jawo wa sauran tsaiko, kana ciyarwa kana shayarwa kuɗi na tafiya.

Masu shimfiɗa buhun su ma suna da kukansu, kuma shi ne wanda ba mu yi tsammani ba. Sun ce kayan ne ke nisa. Gonakin tarakta sun cinye daji sun matse burtali, masu gawayi sun bi sauran, musamman da gas ya yi wuya a shekarun yaƙi, har dazuzzukan gwamnati irin su Rawashda ba su tsira ba. Maɗacin da ake ɗebo ɓawonsa don tsutsa da rashin cin abinci, yara marasa sani kan zagaye shi da gatari su saɓule ɓawon gaba ɗaya, shekara ta zagayo ya bushe, alhali dattawa gefe ɗaya suke sassaƙa su shafe wurin da laka su bar shi ya warke. Wani daga cikinsu da muka sani tun muna yara ya shaida mana cewa marken da a da yake ɗebowa da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, yanzu sai ya ba direbobin da ke zuwa wajen Basunda da Galabat sautu, kuma ba ya rasa samun ɓawon wani itacen daban a cikin buhun.